Shanun Jan Kunne

Kazaure,
6 ga Fabrairu.

Zuwa ga ɗana Levi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata kana lafiya, da karatu, da sanyin Roma da kake ta yi mini kukansa. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. 'Yan Zumuntar Mata suna ta cewa a gaida Fada. Ni dai ban san wani Fada ba, Autana na sani, wanda na riƙa goyawa zuwa wurin aiki a ƙaramin asibitin Gwiwa. Kada ka tambaye ni me ya hana in kira ka a waya. In na kira sai ka ce kana sauri za ka shiga aji. Takarda kuwa ba ruwanta da aji, na rubuta, na ɗauki hotonta na tura, ka karanta ko kana so ko ba ka so.

Aiki zan ba ka. Ka tuna Baffa Daudu, mai rugar nan da ke tsakanin Gwiwa da Roni, wanda marigayiya matarsa take kawo mana nono? Yanzu Shatu, matar ɗansa Halliru, ita ta gaji ƙwaryar. Ranar Asabar ta zo ta sauke nono, ta zauna ta ƙi tashi, ta ce Baffa yana nemana. Na ɗauka ciwo ne, don har yau Likita suke kirana ko da yake na ajiye aikin jinya tuntuni. Na ɗauki jakata na shiga mota, daga Gwiwa na hau babur. Sai na tarar da tsoho garau a gindin gawo yana tufka igiya.

Ga abin da ke ciki. Halliru ya biya wa ubansa kujerar Makka bana. An yi fasfo, kowa na murna, sai tsoho ya ce ba inda za shi. Wai ba zai taka jirgi da dukiyar wani a cikin garkensa ba.

Yana yaro, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, maciji ya sare shi a wurin kiwo kusa da hanyar Daura. Ubansa ya saɓa shi a kafaɗa ya tsaya a bakin titi, lokacin mota sai an daɗe ake ganin ɗaya. Wadda ta tsaya ta wani Bature ce mai farar doguwar riga, rana ta gasa masa kunnuwa sun yi jajir. Arewa ya nufa, amma ya juya motarsa ya kai su asibiti a Kano, sannan ya ci gaba da tafiyarsa. A kan hanyarsa ta komawa ya ratsa rugar don ya ji ko yaron ya rayu. Uban Baffa ya kama karsana ya ba shi. Direban ne mai jin Hausa, shi ya gaya musu cewa wannan ma'aikacin wakilin Fafaroma ne da ke zaune a Ikko. Baturen ya yi dariya, ya shafa bayan karsanar, ya ce ya karɓa ya gode, amma ba za ta shiga mota ba, a riƙe masa har ya dawo. Bai dawo ba.

Levi, mutanen nan suna riƙe da ita har yau. Ita ta mutu tuntuni, amma 'ya'yanta da jikokinta suna nan, kowace da tsaga daban a kunne, ana ce musu shanun Jan Kunne. Ba a sayarwa, ba a yankawa. In an haifi namiji sai a musanya shi da mace. Shekarar da ciwon bushiya ya share shanu ɗaya tak ta rage, daga ita suka sake tashi. Uban Baffa da zai rasu bai yi masa wasiyyar gona ko mata ba, wasiyyar shanun nan ya yi masa.

Baffa ya ji a bakin Shatu cewa ɗana yana karatu a garin Fafaroma, shi ya sa ya aika a kira ni. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an gama. Na riga na faɗa, saboda haka kada ka kunyata ni. Ka nemo mini wane ne Jan Kunne, yana raye ko ya mutu, kuma wa za a damƙa wa kayansa. A watan Mayu ake fara ɗaukar alhazai, ba kuwa a fafe gora ranar tafiya.

Ka riƙa sa rigar sanyi, ka daina fita da kai a buɗe.

Ni ce mahaifiyarka,
Veronica Toma.


Kazaure,
25 ga Fabrairu.

Autana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya azumin kwana arba'in? Ni na bar nama, amma ban bar magana ba, wannan sai wata shekarar. Amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin murhu har miya ta kusa kamawa. Ashe karatun nan naka yana da amfani.

Na tafi rugar washegari. Na gaya wa Baffa sunan mutuminsa Fada Ilario, ƙaramin magatakarda ne a ofishin wakilin a wancan lokaci, daga baya aka yi ta kai shi wasu ƙasashe, ya tsufa ya rasu a ƙauyensu can Italiya. Tsoho ya maimaita sunan a hankali, bakinsa ya ƙi kama shi, ya ce shi dai Jan Kunne ya sani. Sai ya ce to a nemo 'ya'yansa. Na ce ba shi da ɗa, irinsu ba sa aure. Ya dube ni ya ce, Likita, har da naki ɗan? Na ce har da shi. Ya girgiza kai ya yi mini jaje sosai, kamar an ce masa gobara na yi. Ban yi fushi ba, don ni ma na taɓa yi wa kaina wannan jajen.

Daga nan ya ce in mutum ba shi da ɗa ai yana da gida. Mutumin nan aiko shi aka yi, kuma abin da aka bai wa ɗan aike a bakin aikinsa na gidan da ya aiko shi ne. In gaya masa salsalar gidan. Nan na gode wa Allah da ka rubuto tarihin dalla-dalla, don tsohon nan ba ya karɓar magana mai rami a tsakiya.

Na ce masa a shekarar da aka samu 'yanci aka kafa gidan a Ikko, mutum ɗaya yana duba Najeriya da Kamaru da Chadi da wasu ƙasashen. A lokacin wakili ne kawai, ga masu bin coci aka aiko shi, gwamnati ba ta lissafa shi cikin jakadu. Sannu a hankali sauran ƙasashen suka samu nasu. A tsakiyar shekarun saba'in Najeriya da fadar Fafaroma suka ƙulla hulɗa sosai, wakili ya zama cikakken jakada, wanda ka ce ana kira nunsiyo. Da gwamnati ta koma Abuja gidan ma ya bi ta. Kowane jakada yakan yi 'yan shekaru a ɗauke shi a kawo wani, kamar yadda ake yi mana canjin wurin aiki a asibiti.

Ni da na zaci zan sha wahalar fahimtar da shi, sai ga shi yana gyara mini zaren. Ya ce wannan ai ruga ce ta yi girma, 'ya'ya suka ware kowa ya kafa tasa, gado kuwa na wanda ya zauna a tsohon gida ne. Tashi daga Ikko zuwa Abuja ƙaura ce kawai, su ma ba a nan aka haife su ba. Ya sa na karanto masa sunayen jakadun ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗa kai kamar ya san iyayensu. Da na gama shi ma ya jero mini nasa, Wule ta haifi Saye, Saye ta haifi Nore, har ya zo kan waɗanda ke tsaye a gabanmu suna tuƙa. Muka tashi kowa ya gamsu da asalin ɗan'uwansa.

Abu ɗaya ya dame shi, nono. Ya ce shanun ba su taɓa ba, amma nonon sun sha, sun kuma sayar. Na tambayi Shatu wanne ake kawo mini, ta ce ai ƙwarya ɗaya ake tatsa. Ka ji, Levi. Kindirmon da na yaye ka da shi na Jan Kunne ne. Ni da nake ta mamakin abin da ya ja ka Roma alhali ubanka kafinta ne, ashe tun kana rarrafe kake cin kayansu.

Yanzu sai ka rubuta wa ofishin jakadan a Abuja. Ka san su ba su da wurin ɗaure ko akuya. Ka ba su shawara su ce sun gode, sun bar masa shanun duka halak malak. Tsoho ya samu shanu, ya samu Makka, kowa ya huta. Ban ga abin da ya fi wannan sauƙi ba.

Allah ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka,
Veronica.


Kazaure,
19 ga Maris.

Ɗana Levi,

Ina gaishe ka, ina fata jikinka lafiya, tarin nan kuma ya sake ka. Nan zafi ya shigo da ƙarfinsa. Maƙwabtanmu sun kama azumi, mu ma muna cikin namu, unguwar duk ta yi laƙwas da rana.

Takardar ofishin jakada ta iso ta hannun Fadan cocinmu. Magatakardan da ya rubuta ta ɗan mutunci ne, Allah ya yi masa albarka. Ya ce labarin ya taɓa zuciyar kowa a gidan, sun gode, sun bar wa Baffa shanun, kamar yadda muka nema. Na sa sabon zane, na tafi ina taƙama a kan babur.

Na fassara masa ita a gaban Halliru da Shatu. Kafin in kai ƙarshe na ga fuskar Halliru ta washe. Tsoho kuwa ya ci gaba da jan carbinsa kamar ba da shi nake ba. Da na gama ya ce, Likita, me muka yi musu? Na ce alheri kuka yi musu mana. Ya ce to don me za su mayar mana da kyautar ubana? Ya ce ubansa bai ba da karsanar nan aro ba, kyauta ya ba da saboda ran ɗansa, kuma wanda ya yi kyauta ya karɓe kamar wanda ya yi amai ne ya dawo ya lashe. Shi ba zai je gaban Ɗakin Allah da wannan a bakinsa ba. In sun raina shanun su faɗa, in ba su raina ba su aiko wanda zai kama igiya. Ya juya ya fuskanci gabas, maganar ta ƙare.

Halliru ya tashi ya bar wurin ba sallama, abin da ban taɓa gani ya yi a gaban ubansa ba. Shatu ta raka ni bakin hanya tana share ido da gefen mayafi. Ta ce an kira maniyyata bita a Kazaure, Baffa ya ƙi zuwa, ya ce wanda ba shi da tafiya me zai koya.

Shawarata ce, ba ta yi ba, shi ke nan. Shekara talatin ina karɓar haihuwa a rugagen nan, na san yadda suke jin ciwo, ashe ban gama sanin abin da ke yi musu ciwo ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, na dawo gida ko ruwa ban iya sha ba. Amma ka san ni, ba na zama in yi tagumi a kan abin da ke da gyara.

Ka sake rubuta musu. Ka gaya musu alherin da suka yi ya yi yawa ne har ya zama nauyi. Abin da tsohon yake so shi ne a karɓa, a gaban shaidu, hannu da hannu. Ba sai babban ya zo ba, na san yana da ƙasa guda a kansa. Ai duk tarihin da ka rubuto mini na aike ne, wani ya aiki wani, shi ma ya aiki wani. To su aiko ko wane ne, in dai da sunansu ya zo. Ka rubuta yau, kada ka ce sai ka gama jarrabawa.

Taka har kullum,
Mama.


Kazaure,
14 ga Afrilu.

Autana,

Barka da Ista, ko da yake ta wuce. Ina fata ka yi ta lafiya. Mu mun yi tamu, maƙwabta sun yi sallarsu, tuwo da nama sun yi ta ƙetare katanga har na rasa kwanon wa zan mayar wa wa.

Kai da magatakardan nan kun haɗa baki, na gane. Na ce a aiko ko wane ne, ban ce a aiko ni ba. Fadanmu ya kira ni bayan an tashi daga coci, yana ta danne dariya, ya miƙo mini takarda mai hatimi. Wai tunda ni na kawo maganar kuma ni mutanen suka sani, ni ce wakiliyarsu ta wannan rana, in karɓi shanun da sunansu, in yi da su abin da na ga zai amfani mutanen wurin. Na ce masa ai sun yi dabara, don da shi aka tura da saniya ta yi atishawa sai a tsinto shi a Roni. Na karɓa. Daga yau in za ka rubuto mini ka san da wa kake magana.

Na aika wa Baffa. Ya ce wakilin da ya sani ya fi masa wanda bai sani ba. An sa rana, Asabar ta farkon Mayu. Ya kuma fara zuwa bita, Shatu ta ce har yana gyara wa malamin zama.

Sai dai akwai wata. Jiya Halliru ya zo gidan nan, ya tsuguna a bakin ƙofa ya ƙi hawa kujera. Ya ce, Mama, kin san abin da za ki kwashe kuwa? Na ce shanun Jan Kunne. Ya ce tun yana yaro, in fari ya zo nasu ake sayarwa a sayi dusa a ciyar da na amana. In aure ya tashi nasu, in ciwo ya zo nasu, kujerar Makkan nan ma nasu ce ta biya. Na amana suna ta haihuwa, nasu suna ta tafiya kasuwa. Ya ce shi ba zai tare wa ubansa hanya ba, ya fi son ya ga ya tafi da zuciya fara ko da za su koma tatsar awaki. Ya zo ne kawai don kada ranar ta zo mini ba shiri.

Yaron nan ni na karɓi haihuwar 'ya'yansa duka. Na dube shi na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji girmansa. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya je gida. Mayar musu da shanun ba zai yiwu ba, wannan na koya. Kwashe su in bar gida ba nono shi ma ba da hannuna ba. Ina da wata dabara, amma ba zan gaya maka ba, don waccan da na yi saurin faɗa ka ga inda ta kai mu. Wannan karon sai na fara zama da Ardon yankin na ji bakinsa.

Ka sa ni cikin addu'a.

Mahaifiyarka,
Veronica.


Kazaure,
21 ga Mayu.

Zuwa ga ɗana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka gama jarrabawa lafiya. Nan an yi ruwan fari, ƙasa ta yi ƙamshi, masu gaggawa har sun yi shuka. Ka yi haƙuri da shiruna, na so sai komai ya kammala in ba ka labari gaba ɗaya. Ka fassara wa magatakarda wannan, ita ce rahoton wakiliyarsu.

Na isa rugar da hantsi, cikin kayan Zumuntar Mata, da takardata a jaka. Na tarar da Ardo da limamin wurin da dattawa a kan tabarmi, mata kuma sun yi cincirindo a bayan bukkoki. Ba a kai shanu kiwo ba ranar. Baffa ya fito da farar riga, ya tsaya a tsakiyar fili ba sanda a hannunsa, ya fara kiran shanun Jan Kunne da sunayensu. Kowace ta ji nata sai ta ɗago kai ta tako ta wuce damansa, maraƙinta na biye. Yana kira suna fitowa, yana kira suna fitowa, har na gaji da tsayuwa. Da ya yi shiru na waiwaya hagu in ga nasa. Levi, ba su cika yatsun hannu biyu ba, a cikinsu ma har da tsohuwa mai ɗingishi. Halliru ya gaya mini, amma gani ya kori ji.

Baffa ya ɗaura wa babbar shanun Jan Kunne igiya ya jawo ta gabana. Ya ce, Likita, wa ya aiko ki? Na ce magatakardan jakada. Ya ce shi wa ya sa shi? Na ce jakadan da ke Abuja, magajin gidan da ya taso daga Ikko, gidan da ya aiko Jan Kunne. Ya juya ga dattawa ya ce kun ji, suka ce sun ji. Sai ya sa igiyar a hannuna ya danne da nasa hannun. Ya ce ga amanar ubansa ya sauke. Ya roƙi a yafe musu nonon da suka sha, da waɗanda suka mutu a hannunsu, da wata da kura ta kama yana saurayi saboda barci ya ɗauke shi. Na ce da sunan waɗanda suka aiko ni na karɓa, na gode, na yafe.

Na tsaya da igiya a hannu, ni da ko kaza ban taɓa kiwo da kyau ba, yau ga ni da garke. Sai na ce wa Ardo gidan Jan Kunne ba shi da makiyaya a Abuja, ba shi da rijiya, saboda haka yana neman abokai. Ka san al'adar nan tasu da suke kira haɓɓanaye, mai shanu ya ba wanda ba shi da su saniya aro, ta haihu a hannunsa, maruƙan su zama nasa, bayan ta yi haihuwa uku ya mayar da uwar. Na sha ganin gidan da ya tashi da ita bayan ya faɗi. Da na je wa Ardo da maganar tun kafin ranar, cewa ya yi wannan ba mayar da kyauta ba ne, abota ce sabuwa, kuma ba Bafillacen da zai ƙi ta.

Ardo ya kira magidanta uku na yankin waɗanda ɓarayi da ciwo suka bari da igiya ba saniya, aka ba kowa karsana biyu-biyu. Sauran na ce gidan Jan Kunne yana roƙon Halliru ɗan Daudu ya karɓe su haɓɓanaye. Abin da suka haifa daga yau nasa ne, ya sayar ko ya yanka ba mai tambayarsa. Uwar da ta cika haihuwarta kuma Ardo zai nuna gidan da za ta wuce.

Halliru bai motsa ba, ubansa yake kallo. Ni ma uban nake kallo, don in tsohon nan ya sake juyawa gabas ban da wata dabarar. Can Baffa ya ce, wannan tsakanin ɗana ne da gidan Jan Kunne, ni ba ni da saniya a ciki, ni matafiyi ne. Halliru ya taso ya tsuguna ya karɓi igiyar da hannu biyu. Shatu ta rangaɗa guɗa daga bayan bukka, liman ya yi addu'a, ni ma na yi tawa a zuci.

Ranar Alhamis da ta wuce aka kira su Baffa sansanin alhazai. Na kwana biyu ina soya masa dambun nama, na kai masa da sassafe. Ya fito da jakarsa, ya yi sallama da kowa, ya ce mini in gaida ɗana marar mata, Allah ya yi masa albarka duk da haka. Hanyar da za ta kai shi wurin mota ta gefen garken ta bi, shanun suna tsaye ana tatsa. Shatu ta kama hannuna ta ce in duba. Ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin Baffa ya fita ko kasuwar Gwiwa ba sai ya ratsa ya dudduba shanun nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar ya wuce su yana hira da liman, bai ko waiwaya ba.

Jirginsu ya tashi jiya. Ka yi masa addu'a ya je lafiya ya dawo lafiya.

Ni ce mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Veronica Toma.